Qing Dai ko mesalazin? Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan ciwon hanjin ƙaninta

Hajiya barka da war haka, Allah ya ba ƙanin naki lafiya. Kin ce an duba shi da kyamara an tabbatar gyambon babban hanji ne, wannan mai sa zawo da jini da majina, yana shan mesalazin, maganin asibiti mai rage kumburin hanji, amma wani mai zuwa sari Sin ya ce zai taho masa da garin Qing Dai wai ya fi aiki, kina son jin wanne ya fi.

Gaskiya Qing Dai ba irin maganin bakin tasha ba ne, yana aiki. Shuɗin gari ne da Sinawa ke fitarwa daga ganyen tsirran rini, sun daɗe suna amfani da shi, sinadaran cikinsa kuma suna taimaka wa fatar cikin hanji ta warke. Likitocin Jami'ar Keio a Japan sun jagoranci gwajinsa a kan mutum 86 tsawon sati 8, aka buga sakamakon a 2018, masu shan giram 2 a rana kashi 81 cikin ɗari sun samu sauƙi, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki kuwa kusan kashi 14 ne kawai. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne wallahi.

To amma ga inda hankalina bai kwanta ba. Shi wannan gwajin dakatar da shi aka yi tun bai kai ƙarshe ba, saboda rahoton wani da ya sayi Qing Dai da kansa ya sha wata 6 sai ya kamu da hawan jini na jijiyoyin huhu, har ma'aikatar lafiya ta Japan ta fitar da gargaɗi a ƙarshen 2016. Kuma ba irin hawan jinin da ake aunawa a dantse ba ne, awo zai iya nuna lafiya lau alhali ɓangaren dama na zuciya yana ta wahala, mutum sai dai ya ga yana haki daga gida zuwa masallaci, hawa bene ya gagara, ƙafa ta fara kumbura, shi kuma yana murna jinin bayan gida ya tsaya. Ban da wannan Qing Dai yana taɓa hanta, yana sa ciwon kai da ciwon ciki, wasu ma hanji ya shige cikin hanji.

Shi mesalazin fa? Ba kowa yake yi wa ba, a nan wajenmu ga tsada, wani lokacin ka zaga kemis-kemis babu. Kaɗan daga masu sha yana taɓa musu ƙoda, shi ya sa ake gwajin jini lokaci-lokaci. Sai dai an yi shekaru da dama ana ba da shi, an san adadinsa, an san illarsa, mutum zai iya shekaru a kansa. Akwai ma na matsi ta dubura da ake haɗawa da na sha idan ciwon a ƙasa-ƙasa yake, da yawa ba a gwada musu wannan ba suke cewa magani ya ƙi. In kuɗi ne matsalar a tambayi likita batun sulfasalazin, ɗan'uwan mesalazin ne, ya fi araha, kodayake yana rage ƙwayoyin maniyyi muddin ana shansa.

Garin da za a kawo a leda kuwa wa ya auna ƙarfinsa, me aka gauraya a ciki? Don Allah kar wani ya ji an ce shuɗi ya nufi marina neman baba, wannan da toka ake haɗa shi, na tufafi ne.

Ni dai shawarata kar ya ajiye mesalazin ɗinsa. Idan zawon jinin ya dawo a fara gwada bayan gida, don atuni ma haka yake zuwa kuma maganinsa daban. In kuma ya nace sai Qing Dai to da sanin likitan hanji, na ɗan lokaci kaɗan, a yi hoton zuciya kafin ya fara, a riƙa gwajin hanta, ranar da ya fara haki ya daina ya tafi asibiti.