Bayan fage: taron biki da gasar sarauniyar kyau

Ƙanwata ta Ringim, kin tambaya ko sabon da kika yi da shirya kamu da walima zai ishe ki riƙe bayan fage a gasar sarauniyar kyau da aka yi miki tayi a Abuja. Na taɓa duka biyun. Rabin hanya zai kai ki.

A bikinmu amarya ce agogo. An sa ƙarfe huɗu, mai kwalliya ba ta sake ta ba sai bayan magariba, kowa ya zauna jira, mai kiɗa ya ja lokaci. Aikinki lallashi ne. Gwaggo ta ɓata rai ba a ba ta kujerar gaba ba, dangin ango sun ƙaro mota biyu, man janareta ya ƙare. Da baki da fara'a ake kashe wannan wutar, kin kuma iya.

Can kuwa takarda ce ke mulki. Komai a rubuce yake minti-minti, kina tsaye a duhu da oba-oba, sai kin ce "yanzu" mai fitila da mai sauti su motsa. In ana haskawa kai tsaye a talbijin, ko 'yar gwamna ce ba a jiranta. Wata gasar 'yan takara kan kai 37, jiha-jiha har da Abuja, kowacce da lambarta da ɗigon salatif a ƙasa inda za ta tsaya. Na tuna wata da zif ɗin rigarta ya ɓalle saura mutum biyu a kira ta. A jikinta na ɗinke rigar, tocila a bakina, tana rawar jiki tana salati. Tun ranar ba na rabuwa da allura, zare, fil da almakashi a jakar ƙugu.

Abin da ban ji kin ambata ba shi ne gida. Tun 1957 ake gasar Miss Nigeria, amma da Shatu Garko, 'yar jihar Kano, ta ci a 2021 da hijabinta, kin ji ƙurar da ta tashi a Kano. Daga biki da goro da turare kike dawowa, daga gasa da tambayoyin maƙwabta. Ki fara zama da Baba kafin ki amsa musu.

In ya yarda, ki nemi yarjejeniya a rubuce, da kuɗin mota da masauki a ciki. Ki kuma tambayi kwana nawa za a yi ana gwaji, don a nan ƙafa ke kumbura.