Rompun ko Calmivet: wace allura ta dace da ingarman Alhaji?

Alhaji ya yi tambaya daga Birni: ingarmansa ya tsage a ƙafar baya, ba ya yarda a taɓa wurin balle a ɗinke. An miƙo masa kwalba biyu, Rompun da Calmivet, wai duka na kwantar da doki ne. Wace za a yi masa?

Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Aikin alluran nan ba ɗaya ba ne. Rompun zilazin ce, tana sa maye kuma tana rage zafin ciwo. Calmivet asefromazin ce, hankali kawai take kwantarwa. Dokin da aka yi wa ita zai yi laƙwas, amma da allurar ɗinki ta shiga fata zai ji ta sarai.

Zilazin ta jijiya tana kamawa cikin minti 2 zuwa 5, ta sake shi bayan kamar rabin awa. Za ka ga kai ya sunkuya har kusan gwiwa, leɓen ƙasa ya saki, ya buɗe ƙafafu yana tangaɗi, gumi na tsattsafowa a wuya da bayan kunne. Zuciyar da ke bugawa sau 30 zuwa 40 a minti tana raguwa, har takan tsallake bugu. Hanji ma yana lafawa, daga baya fitsari ya yi yawa. Asefromazin kuwa mai nawa ce: minti 15 zuwa 20 ta jijiya, fiye da rabin awa ta tsoka, amma takan kai awa 4 zuwa 6 a jiki, kuma babu allurar da ke warware ta. Tana buɗe hanyoyin jini, hawan jini ya faɗi. Dokin da ya zubar da jini, ko wanda ya wuni ba ruwa a zafin Afrilu na Damagaram, yana iya zubewa ƙasa.

Babban abin tsoron asefromazin ga ingarma shi ne azzakari. Takan sa ya zubo, wani lokaci ya ƙi komawa, ya kumbura, jini ya taru. In ya wuce awa 2 a waje sai a tallafe shi da tsumma mai tsabta a ɗaure jikin ciki, a riƙa zuba ruwan sanyi, a nemo likitan bisashe nan take. Ba kullum hakan ke faruwa ba, amma ingarman da ake barbara da shi ba a yi masa wannan caca.

Awo da nauyi ake yi, ba da ido ba. A auna kewayen ƙirji da santimita, a ninka shi da kansa, a ninka da tsawon doki daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, a raba da 11,880. Ƙirji 160 da tsawo 150 ya ba da kilo 323. Zilazin miligiram 0.5 zuwa 1.1 ne ga kowane kilo ta jijiya. Doki mai kilo 300, a kan miligiram 1, zai ɗauki mililita 15 daga kwalba mai ƙarfin 2%, amma mililita 3 kacal daga mai 10%. A nan ake kashe dawaki: a riƙe lissafin waccan kwalba a zuƙo daga wannan, an ninka sau biyar ke nan. Kada kuma a kwatanta da shanu, su kusan kashi ɗaya cikin goma na awon doki ke kwantar da su. Asefromazin miligiram 0.02 zuwa 0.05 ne ga kilo. A kan 0.04, doki mai kilo 300 zai ɗauki mililita 2.4 daga kwalba mai miligiram 5 a mililita.

Ga wannan rauni dai zilazin ce, kuma likita ya yi ta da hannunsa. Ƙarƙashin jijiyar wuya akwai babbar jijiya mai kai jini ƙwaƙwalwa. In magani ya shiga can, doki zai faɗi yana shure-shure kafin a zare allura. Shi ya sa ake soka allurar ita kaɗai a sashen sama na wuya a duba: jini mai duhu yana ɗiga, an dace, ja jawur yana tsartuwa, a zare a danne wurin.

A yi aikin da sassafe a inuwa, a sallami ƴan kallo, a ba shi minti 5 shiru, don dokin da ya riga ya fusata magani ba ya kama shi sosai. Ko ya sunkuya kamar mai barci yana iya harbi ba zato, don haka a tsaya ta gefensa, a kuma kashe bakin raunin da lidokayin 2% kafin ɗinki. Harawa da dusa sai ya ɗaga kai ya wartsake, wajen awa ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba abinci ya maƙale a maƙoshi.

Sai dai in raunin ya wuce awa 6 zuwa 8, ko ƙasa ta shiga, sau da yawa wankewa da ɗauri ya fi ɗinki. A yi masa allurar tetanos a ranar, doki na cikin bisashen da cutar ta fi kashewa.