Ƙaramin obin ɗin da na saya don kukis masu dabino da ɓaure

Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi. Da a ranar farko na rubuta shi, ko tauraro ɗaya ba zan ba shi ba, don raina ya ɓaci sosai. Yanzu wata uku ke nan da sayen obin ɗin, ƙaramin nan na lantarki da ake ɗorawa kan kanta, mai maɓallan murɗawa uku: na zafi, na zaɓen wutar sama ko ta ƙasa, da na lokaci. Abu guda ya sa na saye shi, kukis masu haɗin busassun 'ya'yan itace a ciki. Na shekara huɗu ina zuwa gidan yayata ina gasawa a babban obin ɗinta, har na fara jin nauyin hakan duk da ba ta taɓa nuna min a fuska ba.

Saboda haka na ƙudurta cewa gashin farko nata ne. Na kwaɓa fulawa giram 300 da bota giram 200, sukari giram 80, ƙwai ɗaya da ɗan gishiri, na naɗe kwaɓin na sa a firij minti 40 don botar ta sake daskarewa. Haɗin ciki kuwa shi ne ya fi cin lokaci. Dabino giram 250 na cire wa ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, busasshen ɓaure giram 100 na yanke masa tsinken kai, sai zabibi cikin tafin hannu. Na jiƙa su a ruwan ɗumi minti 15, domin busasshen ɗan itace in aka sa shi haka nan, danshin kwaɓin yake tsotsewa, kukis ya fito ƙamas. Na dafa su da ruwan lemu da kirfa a wuta kaɗan har suka kama jikinsu, na markaɗa, na bari ya huce sarai. Guda 40 na cusa, na manne bakin kowanne da yatsa. Kusan awa uku ina tsaye.

Na murɗa maɓallin zafi zuwa digiri 180, na ba shi minti 10 ya ɗauki zafi, na zura tire na farko. A wurin Yaya minti 14 suke yi, na san wannan kamar yunwar cikina. Minti 8 bai cika ba na ji ƙauri. Na buɗe, saman kukis ɗin fari tas kamar ba a sa su a wuta ba, ƙasansu kuwa baƙi ƙirin. Fiye da rabinsu sun fashe ta gefe, haɗin dabinon ya tsiyayo kan tire yana tafasa yana hayaƙi. Na ɗanɗana ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kyan gani, ɗaci ya cika min baki, irin ɗacin ƙonannen zabibi da ko ruwa ka sha ba ya barin harshe. Na ɗauka kuskurena ne, na ɗaga tire na biyu zuwa hawa na sama. Wannan karon saman ya ƙone, tsakiyar kwaɓin kuma ɗanye. Cikin guda 40, shida kawai na iya tsinta. Wallahi zama na yi a kicin ɗin na yi hawaye, ba don fulawa da bota ba, sai don na riga na kira Yaya na ce mata ta jira tsarabata da yamma.

Haka na kai mata shidan. Ta juya ɗaya ta duba ƙasansa, ta ce, "Ƙanwata, kin auna zafin obin ɗin nan kuwa?" Na ce, "Yaya, ai a 180 na sa." Ta ce, "Abin da aka rubuta a maɓalli daban, abin da ke ciki daban." Ta ɗauko ɗan ma'aunin zafi na ƙarfe, wanda ake ratayawa a cikin obin, ta ba ni aro.

Washegari na gwada shi ba komai a ciki. Maɓalli na kan 180, allurar ma'aunin ta wuce 200 ta je ta tsaya a 215. Bambancin digiri 35! Na sake gwadawa sau biyu don kada na zalunci kayan mutane, amsar ba ta canza ba. Sai da na sauko da maɓallin zuwa 150 sannan cikin ya zauna a kusa da 180. Na kuma lura lungun hagu na baya ya fi ko'ina zafi.

A nan na gane abin da ya faru. Busasshen dabino da zabibi fiye da rabin nauyinsu sukari ne, kuma irin sukarin 'ya'yan itace ya fi farin sukari saurin yin duhu a wuta, shi ya sa da ya tsiyayo kan ƙarfe mai zafi nan take ya ƙone. Ruwan da ke cikin haɗin kuma ya zama tururi tun kafin kwaɓin ya yi ƙarfin riƙe shi, sai ya nemi hanyar fita ta inda na manne. Ƙari a kan haka, tiren da ya zo da obin ɗin baƙi ne kuma siriri, baƙin ƙarfe kuwa ya fi jan zafi, ga sandar wutar ƙasa tsakaninta da tiren bai fi yatsa uku ba.

Tun da na san halinsa muka fara shiri, kuma dole na faɗi gaskiya, gashinsa ya ba ni mamaki. Maɓalli a 150, hawa na tsakiya, tire mai haske da takardar gashi, na tsattsaga saman kowane kukis da cokali mai yatsu don tururi ya samu mafita, in an yi minti 7 na juya gaban tiren zuwa baya. A minti 13 suke fitowa, gefensu ya yi ja kaɗan, ɓawon yana narkewa a baki, cikin kuma da taushi da danƙo, ƙananan 'ya'yan ɓauren suna ɗan ƙaras-ƙaras a haƙori. Yaya da kanta ta ce sun fi na obin ɗinta laushi. Yana saurin ɗaukar zafi, gilashin ƙofar kuma ana ganin komai ta cikinsa ba sai an buɗe ba. A wancan makon na kusa zuwa nan na ba shi tauraro huɗu.

Abin da ya hana ni shi ne amsar masu sayarwa. Na tura musu hoton maɓallin da hoton ma'aunin gefe da gefe. Kwana tara kafin su amsa, kuma abin da suka ce shi ne ƙananan obin sukan ɗan bambanta. Ɗan bambanta? Digiri 5 ko 10 zan yarda, amma 35 shi ne tsakanin gasasshe da gawayi. Ba ban haƙuri, ba maganar canji, ba ko shawarar a sayi ma'auni. Wadda ba ta da yaya irin tawa fa? Za ta yi ta zargin hannunta, ta ce ita ce ba ta iya ba, wataƙila ma ta daina gashin gaba ɗaya. Wannan ya fi ƙona min rai fiye da kukis 34 da na zubar.

Ga kuma maɓallin lokaci, da ya yi ƙara sai ya kashe wutar baki ɗaya. In hankalinki yana kan cusa tire na gaba, kafin ki juyo obin ya fara hucewa, sai kin sake jira, botar da ke cikin kwaɓin tana narkewa a kan kanta. Makon jiya haka ya sa tire ɗaya ya baje min, kukis ɗin suka manne da juna. Tiren nasu kuwa, wurin kankare ƙonannen dabinon ranar farko fentinsa ya ɓare, yanzu tsatsa ta fara kama wurin.

Da na fara rubutun nan tauraro uku na yi niyya, amma da na tuna amsar nan tasu, biyu zan bayar. In kin riga kin saya, kada ki zura ko kukis ɗaya sai kin rataya ma'auni a ciki kin ga abin da allura ta nuna. Na sake tura musu saƙo kan tiren mako uku da suka wuce, an nuna sun karanta, har yau ba su ce komai ba.