Radar ɗin JF-17 a DCS World, abin da na gani bayan wata biyu

Tun da sojojin saman Najeriya suka karɓi jiragen yaƙi JF-17 guda 3 daga Pakistan a 2021 nake son sanin yadda matuƙi yake ganin abokin gaba tun jirginsa bai ɓullo ba, shi yasa na tara kuɗi na sayi jirgin a cikin DCS World, wasan kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi ne na kwamfuta, shi kuma wannan jirgin Deka Ironwork ne suka haɗa shi.

Ni dai radar ɗin ne ya kai ni, wato KLJ-7 da ake ƙerawa a Nanjing ta ƙasar Sin, kuma wallahi kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Da ina zaton da ka kunna shikenan komai zai fito a allo, ashe kamar tocila ne a cikin duhu, inda ka haska nan kawai kake gani, in jirgi na ƙasa da kai kana haska sama sai ya wuce ta ƙarƙashinka baka sani ba, dole ka riƙa ɗaga eriya kana saukewa. Radar ɗin yana da yanayin aiki daban-daban, in kana yanayin RWS kana share sama ne kawai kana nema, in ka koma TWS zai riƙe maka jirage har 10 yana binsu kuma yana ci gaba da dubawa, amma da ka kulle mutum ɗaya da STT na'urar gargaɗinsa zata fara kuka, ya san an sa masa ido.

Inda ya fi burge ni shine ranar da na harba wa wani jirgi makami mai linzami SD-10 sai ya juya min gefe ya yi ƙasa, kawai ya ɓace daga allo. Sai daga baya na gane dalili, irin wannan radar da saurin matsowa ko nisantar abu yake tace jirgi daga ƙasa da duwatsu, to wanda ya gitta ta gefe baya matsowa baya nisa, sai a zubar da shi tare da tarkacen ƙasa. Sun saka wannan yadda ya kamata, abin ya min daɗi sosai.

Radar ɗin yana duba ƙasa da teku ma, can ne ake neman jiragen ruwa don a harbe su da makami mai linzami C-802AK, amma ban zauna a kai sosai ba tukuna.

Sai dai fa a shirya, wasan yana cin data da kuma wurin ajiya a kwamfuta ba kaɗan ba, ƙaramar laftof bazata ja shi ba, ni sai da na kwana uku ina saukewa saboda ɗauke wuta. Kuma ka nemi sandar tuƙi ko da mai araha ce, da kibod motsa alamar radar kana tuƙi lokaci ɗaya akwai wuya. In daga shafin DCS ka sauke wasan akwai gwajin jirgin na kwana 14 kyauta, fara da shi ka ga ko kwamfutarka zata ɗauka kafin ka fitar da kuɗinka.