Sharhi kan gyaran tsohuwar Lee-Enfield da na kai wa wani magyari a Ingila

Bindigar da na kai gyara Lee-Enfield ce samfurin No. 4 Mk I, ƙirar masana'antar Fazakerley da ke Liverpool, kuma an buga shekarar 1943 a gefen ƙarfenta. Na saye ta a nan Ingila bayan an kashe ta yadda ba za ta sake harbi ba, tare da takardar shaidar hakan daga gidan gwajin bindigogi na Birmingham. Abin da ya ja ni gare ta shi ne, dangin wannan bindiga mai cin harsashi goma ne 'yan mazan jiya suka rataya a yaƙin Bama, a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda Hausawa suke da yawa.

Yadda ta zo hannuna ba ta da kyan gani. Tsohon giris ya daskare a kowane lungu, ƙotar ta yi baƙi ƙirin tana danƙo, ga kuma tsatsa ta fara cin bakin. Na nemi magyarin, wani dattijo da ba ya son yawan magana, ya kankare katakon da sanfefa ya shafa masa man ƙyalli irin na kujerun falo, amma ya ƙi. Ya jawo fitila ya nuna mini wata 'yar alamar kibiya, tambarin kayan gwamnatin Birtaniya, da wasu ƙananan haruffa na masu duba aiki a masana'anta, waɗanda sanfefa za ta shafe su cikin minti guda, kuma babu mai iya mayar da su. A lokacin raina ya ɗan sosu, domin kuɗina ne zan biya, amma yanzu na san shi ne mai gaskiya.

Hanyar da ya bi ta haƙuri ce. Ya riƙa ɗumama katakon a hankali har maiƙon da ya sha shekara da shekaru ya dinga tsattsafowa kamar gumi, yana gogewa yana sake ɗumamawa. Wuraren da suka lotsa kuwa, sai ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma ya danna da dutsen guga, tururin ya kumbura katakon ya taso. Na ga wannan da idona a wani lotsi da ke kusa da kunama, wanda ya kusan ɓacewa bayan dannawa uku. Wani zurfaffen rauni da ke gindin ƙotar bai taso ba saboda jijiyar katakon ta tsinke a wurin, sai ya bar shi yadda yake bai cike shi da komai ba. Daga nan ya shafa man linsid, wani mai da ake matsewa daga ƙwayar tsiro, wanda da shi sojojin Birtaniya suke kula da katakon tun asali, kaɗan-kaɗan da tafin hannu, yana barin kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Ƙotar ta fito ja-ja mai duhu, ba ta walƙiya, kuma ba ta santsi a hannu. Tsatsar ma ya cire ta ba tare da ya taɓa baƙin da ya rage a jikin ƙarfen ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne alkawari. Ya ce mako uku, aikin ya kai mako bakwai, kuma sai na kira yake ba ni labari. Sannan ya sauya wani sukuru wanda kansa ya lalace ba tare da ya tambaye ni ba. Ko da yake wanda ya saka na irin samfurin ne, kuma ya ba ni tsohon a cikin 'yar leda, da na so a fara shawara da ni.

Ya sallame ni da ƙaramar kwalbar man, da gargaɗin kada in dunƙule tsumman da na shafa shi in jefa a kwandon shara, domin yakan yi zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a waje ko a jiƙa shi da ruwa. Akwai wata tsohuwar igiyar rataya bindiga ta wancan zamanin da nake nema, idan na same ta wurinsa zan koma, amma wannan karon sai mun rubuta ranar karɓa a takarda.