Manhajar Cantera wajen ƙiyasta ƙarfin da ke tsakanin ƙwayoyin gas

Cantera manhaja ce ta kyauta wadda David Goodwin ya assasa a jami'ar Caltech ta Amurka, kuma galibin masu amfani da ita masu nazarin ƙonewar makamashi ne. Sai dai tana da amfani ƙwarai ga mai son auna yadda ƙwayoyin gas suke jan juna daga nesa, suke kuma ture juna idan sun matso.

Tsarin Lennard-Jones yana bayyana wannan da lambobi biyu, wato sigma, wanda yake nuna faɗin ƙwaya, da epsilon, wanda yake nuna ƙarfin jan. Da zarar an ba Cantera su, sai ta lissafa danƙon gas ɗin, wato yadda yake turjiya ga kwarara, da saurin bazuwarsa cikin wani gas bisa ƙa'idar Chapman da Enskog, kuma a nan ba ni da abin kushewa. Har gas irin tururin ruwa, wanda cajin lantarkin ƙwayarsa ya karkata gefe guda, tana kula da shi ta hanyar teburan Monchick da Mason na 1961.

Gazawarta ita ce ba ta komowa daga awo zuwa lambobin da kanta. Dole mutum ya rubuta nasa shirin da harshen kwamfuta na Python, yana sauya sigma da epsilon har lissafi ya dace da awon danƙo, kuma a kowane sauyi sai an sake gina samfurin gas ɗin a cikin manhajar, domin tun farko take shirya lissafinta. Wannan yana cin lokaci, amma ana iya jurewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ta gargaɗin cewa lambobi mabambanta suna iya ba da kusan amsa ɗaya. A fayil ɗin bayanan ƙonewar gas mai suna GRI-Mech 3.0 da take zuwa da shi, gas ɗin argon yana da sigma 3.33 angstrom (ma'aunin tsayi mai ƙanƙanta sosai) da epsilon 136.5 kelvin (ma'aunin zafi), alhali rahoton Svehla na hukumar NASA na 1962 ya ba shi 3.542 da 93.3. Idan sigma ya ragu epsilon ya ƙaru, kuskuren ɗaya yana rufe na ɗayan, saboda haka wanda ya ɗauko sigma daga wannan tebur, epsilon daga wancan, ya ɓata lissafinsa bai sani ba. Shawarata ga mai amfani da ita ita ce ya tattaro awon danƙo a ƙaramin matsi daga sanyi sosai har zafi sosai, sannan ya gwada lambobin da ya samu a kan awon bazuwa kafin ya amince da su.