Blogger, GitHub ko hostin na kuɗɗi, amsa ga ƙanenmu na Madunka

Salamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena na Madunka na ga tambayarka, ka ce kana son shafi naka na kanka a intanet inda za ka sa sunanka da hotunan takalma da jakunkuna da tumtum ɗin da kuke ɗunki, don ka gaji da tura hoto ɗai ɗai a WhatsApp duk sanda mai saye daga Abuja ko Legas ya ce a nuna mishi kaya, kuma wani ya ce ka buɗe Blogger kyauta, wani ya ce sai ka sayi hostin, wani ɗalibin jami'ar Danfodiyo kuma ya jefo maganar GitHub, ga shi kai waya kaɗai gare ka babu laftof. To bari in aje maka su kusa da juna ka gani.

Amma tukuna, akwai abu biyu da mutane ke cakuɗawa, domen da hostin. Domen shi ne sunan da mutum zai rubuta shi iso gare ka, kamar sunanka.com.ng, hostin kuwa kwamfutar wani kamfani ce da ke kunne dare da rana tana riƙe da hotunanka da rubutunka. Kamar layinka ne da wayarka, in waya ta faɗa ruwa ka sayi wata ka sa layin masu kiranka ba su ma san anka canza ba, in ko layin ne ya ɓace to duk wanda ka taɓa ba lamba ya tafi da shi. Ka riƙe wagga magana don a kanta shawarata take.

Blogger tsoho ne, tun 1999 shike, Google ta saye shi a 2003. In kana da Gmail to ka gama rabin aiki, ka zaɓi suna su ba ka adireshi irin sunanka.blogspot.com ko sisi ba ka biya ba, kuma shina da manhaja a Android, kana zaune bakin rumfa ka ɗauki hoton takalmi ka ɗora ka rubuta kuɗɗinshi shi kenan. Aibinshi shi ne an gina shi don masu rubutu kullum, sabon abu na sama tsoho na gangarawa ƙasa, kuma fuskokin shafi, wato tsarin yadda zai fito ma mai kallo, da sunka tanada duk kamar na zamanin da. Amma akwai wurin yin shafuka tsayayyu waɗanda ba su motsi, ka yi ɗaya na tarihinka da gidan dukancin da ka fito, ɗaya na kaya, ɗaya na yadda za a same ka. Ɗan'uwanshi Google Sites ya fi shi kyan gani in shafi guda kake so, shi ma kyauta, sai dai an yi shi don kwamfuta ne, gyara shi a waya azaba ce wallahi, sai ka riƙa zuwa kafe duk sanda farashi ya canza, kuma ka san yadda farashin fata ke yi yanzu.

GitHub Pages kuwa, wato wurin ɗora shafi na GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, ɗalibin nan bai yi ƙarya ba, kyauta ne kuma shi ya fi duka sauƙin nauyi. Microsoft ke da GitHub tun 2018. Kai za ka rubuta shafin da hannunka da HTML, kod ɗin da ake gina shafi da shi, ka sa ma fayil ɗin suna index.html, ka buɗe ma'ajiya mai suna sunanka.github.io ka jefa shi ciki, bayan 'yan mintuna ya hau. Babu talla babu tarkace, ko a hanyar Illela inda sabis ke zuwa shi ɗauke shafin na buɗewa. To amma fa duk sabon takalmi sai ka koma cikin kod, kuma a allon waya alama guda ka manta ba ka rufe ba sai ka ga hoto ya haye kan rubutu ka rasa daga ina ɓarnar take. In ka manta layin nan na meta charset="utf-8" a saman fayil, ƙ da ɗ da ɓ ɗinka na iya komawa wasu alamomi da ba mai iya karantawa. Sannan a asusun kyauta ma'ajiyar a buɗe take kowa na iya leƙa abin da ke ciki, kada a aje wani sirri can. Ni ina son GitHub ƙwarai, ga ɗalibi mai son koyon aiki ko mai son aje takardar neman aiki ba kamar shi, amma kai sana'arka fata ce ba kod ba, kuma lokacin da za ka ɓata kana neman alamar da ta ɓace ka ɗunka jaka biyu.

Sai na kuɗɗi. Ka sayi hostin da domen, su ba ka cPanel, allon da kake sarrafa hostin ɗin, a ciki akwai Softaculous da ke ɗora maka WordPress, manhajar gina shafi, da danni kaɗan. WordPress tun 2003 shike kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanshi suke, don haka duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka ya kuma yi bidiyonta. Nan ne ƙarfi yake, kana iya sa WooCommerce mai maida shafi shago da Paystack mai karɓar kuɗɗi, mutum shi zaɓi jaka shi biya da kati kana barci, abin da Blogger da GitHub ba a gina su don shi ba. Sai dai biya biyu ne duk shekara, na domen daban na hostin daban, kuma dabba ce mai son kiwo, a sabunta WordPress, a sabunta filogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara mishi, a aje kwafi, in anka yi sake masu kutse su shigo ta tsohon filogin ko ta fuskar sata da anka sauke kyauta su cika maka shafi da tallan caca, mai saye ya buɗe ya gani ka shiga uku. Kada kuma ka ruɗe da WordPress.com, wannan wani kamfani ne ke riƙe maka, na kyautarsu suna sa tallarsu a shafinka kuma ba su bari ka sa domen naka sai ka biya.

Yanzu wanne ya fi daɗewa? Na kyauta mai shi na iya rufewa ranar da ya ga dama. Yahoo ta rufe GeoCities a 2009 da shafukan mutane masu ɗimbin yawa a ciki, Google ma a Maris 2024 ta kashe ƙananan shafukan nan na business.site da 'yan kasuwa sunka riƙa bugawa a kati da allon shago. Na kuɗɗi kuma yawanci ba kamfani ke kashe shi ba, mantuwa ce, shekara ta zagayo imel ɗin tuni ya shiga inda ba ka dubawa, shafi ya sauka, in anka daɗe ma sunan ya koma kasuwa wani ya saye.

Shi ya sa ni in ni ne kai, Blogger zan buɗe in sayi domen kaɗai in ɗaura mishi. Blogger ba ya karɓar ko kwabo don ka haɗa sunanka, GitHub ma haka, kenan abin da za ka biya a shekara na sunan ne kawai. Ranar da kasuwa ta buɗe har kana bukatar a biya da kati sai ka ɗauke sunan ka kai shi WordPress, katin da ka raba ma mutane bai tashi banza ba. Ka nemi .com.ng, hukumar NiRA ke kula da duk sunayen .ng kuma kamfanonin da ta amince ma suna sayarwa da naira, ya fi .ng zalla araha, shi ko .com farashinshi na bin dala duk inda ta nufa.

Dan Allah wanga wurin ka natsu. In wani zai saya maka, ka zauna kusa da shi a yi rajistar da imel ɗinka da lambarka, kalmar sirri a hannunka. Na san wani mai shagon yadi a nan garin da yaro ya yi ma shafi da imel ɗin shi yaron, yaro ya tafi bautar ƙasa ya canza layi, shekara ta cika sunan ya mutu, ga allon shago an riga an rubuta adireshin da fenti.

Hotuna kuma, ko wanne ka zaɓa, kada ka ɗora su yadda waya ta ɗauka, hoto guda na kai MB 3 ko 4, ka jera ashirin mai saye ya ga datarshi na zuba ya fita. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa da hantsi kafin rana ta yi tsaka, ka aza jakar jar fatar nan yadda ɗunkin bakin zai fito, ka ɗauka, ka tura ma kanka a WhatsApp ka sauke, ya rage nauyi da kanshi. Ƙasan kowane kaya ka sa linkin wa.me/234 sai lambarka ba tare da sifilin farko ba, mutum na dannawa ya faɗo hirarku kai tsaye. Adireshin shago ya isa, ban da na gida, ban da NIN ko BVN, lambar asusu ma ka bari sai an yi ciniki.

Haɗa domen da Blogger ɗin ba wuya, Blogger zai ba ka layin rubutu biyu da ake ce ma CNAME ka kwafe su a wurin DNS, inda ake nuna ma suna shafin da zai kai mutane, na kamfanin da ka sayi sunan, ka dawo ka kunna HTTPS don burauza ta daina ce ma mutane shafinka ba amintacce ba ne. Wani lokaci cikin awa guda ya kama, wani lokaci sai ya kwana ɗaya ko biyu, kada ka yi ta gogewa kana sakewa. In ka maƙale ka turo hoton allon DNS ɗin nan zaure mu duba tare, amma ka tabbata kalmar sirri ba ta fito a hoton ba.